Rumbun Nesa Ba A Kiransa Sai Da Dalili

 Akwai wata ɗabi'a da kusan kowannenku, 'ya'yana masu gina shafukan intanet, ya taso da ita tun ranar da ya fara koyon PHP, kuma ba laifinku ba ne, haka aka koya muku. Ana buɗe fayil guda a sa masa suna config.php, a rubuta adireshin rumbun bayanai da sunan mai shiga da kalmar sirri, a layi na gaba kuma a buɗe haɗi da rumbun nan take. Daga nan sai a jawo wannan fayil a saman kowane shafi. Shafin farko ya jawo shi, shafin tarihin makaranta ya jawo shi, shafin da babu komai a cikinsa sai lambar waya da kwatancen ofis shi ma ya jawo shi. Da tambaya ko babu, an riga an taso rumbu.

Muddin rumbun yana cikin kwamfuta ɗaya da shafin, wannan ɗabi'a ba ta cin kowa komai. A kan laftof ɗinku, inda kuka sa XAMPP, Apache da MySQL a wuri ɗaya suke zaune, buɗe haɗi bai wuce 'yan milisakan ba. Haka ma a ƙaramar hayar saba mai cPanel, inda ake rubuta localhost a wuce. Maganata a kan ranar da localhost ya fita ne, aka maye gurbinsa da adireshin wata na'ura da ke wani gari ko wata nahiya. Daga ranar nan lissafi ya sauya, amma sau da yawa hannun mai rubuta kod bai sauya ba.

Mu fara da nisa, tunda shi ba ya jin lallashi. Haske a cikin zaren fayiba yana gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa ɗaya. Kebul ɗin MainOne, wanda Funke Opeke ta jagoranci shimfiɗa shi, aka fara aiki da shi a 2010, ya taso daga Fotugal zuwa Legas, tsawonsa kusan kilomita 7,000. Ku raba ku gani: milisakan 35 zuwa, 35 dawowa, 70 ke nan kafin saƙo ya je ya komo, kuma wannan a cikin teku ne kaɗai. Ba mu sa tafiyar Fotugal zuwa Landan ko Jamus ba, ba mu sa na'urorin kan hanya da kowace ke ɗan riƙe saƙon ba, ba mu sa Legas zuwa Kano ba idan sabar shafin tana Arewa. Wanda ke Maraɗi ko Damagaram ya ƙara da cewa Nijar ba ta da bakin teku, sai saƙonsa ya ratsa ƙasar maƙwabta kafin ya ga kebul. Mu ƙaddara dai sawu ɗaya milisakan 100 ne, don lissafi ya yi sauƙi. Kuɗi ba ya rage wannan. Ko ka kama saba mafi tsada a duniya, haske ba zai ƙara gudu dominka ba.

Buɗe haɗi kuma ba sawu ɗaya ba ne. Da farko sai na'urorin biyu sun ƙulla TCP a tsakaninsu, sawu ɗaya. Sai MySQL ya aiko da bayanin kansa, ya faɗi sigarsa da irin tantancewar da yake so. Idan haɗin a ɓoye yake da TLS, kuma wajibi ne ya zama haka tunda bayanan za su bi hanyar jama'a, ga ƙarin sawu ɗaya a TLS 1.3 da aka fitar a 2018, ko biyu a 1.2. Sannan a miƙa suna da shaidar kalmar sirri, a jira a ce an yarda. Jimilla sawu huɗu ko biyar, kusan rabin daƙiƙa, kuma har yanzu ba a yi tambaya ko ɗaya ba. Ita tambayar, idan rumbun a tsare yake, takan ƙare a can cikin 'yan milisakan. Duk lokacin ya tafi a shiga, ba a aikin ba.

Ku ɗauki aikin da na san da yawanku kun taɓa karɓa ko za ku karɓa. Wata kwaleji ta ba ku ginin shafinta. Labarai, hotuna, jerin kwasa-kwasai, sanarwar ɗaukar ɗalibai, duk suna cikin ƙaramin rumbu a sabar shafin. Amma sakamakon jarrabawa da bayanin biyan kuɗin makaranta suna wani rumbu dabam, wanda wani kamfani ke riƙe da shi a wata ƙasa, ko kuma yana ofishin rajista a kan na'urarsu. Shafi biyu ko uku ne kaɗai ke buƙatarsa. Idan da WordPress kuka gina, abin da hannu ke saurin yi shi ne a je functions.php a ƙirƙiri sabon wpdb da adireshin rumbun nesa, a ajiye shi a sarari a saman fayil. To ku sani wpdb yana buɗe haɗi ne a daidai lokacin da aka ƙirƙire shi, shi kuwa functions.php ana loda shi a kowace buƙata, har da shafin gudanarwa, har da ƙananan kiraye-kirayen da burauza ke yi a bayan fage. Uwar da ta shigo duba ranar komawa makaranta ta biya rabin daƙiƙar nan. Manhajar Google da ke zagaye tana karanta shafuka ta sa an biya. Ɓata-garin da ke gwada kalmomin sirri a shafin shiga da tsakar dare, kowane gwaji nasa sai ya taso rumbun sakamakon ɗalibai.

Ɗan kasuwa a Kantin Kwari da sitonsa ke wata unguwa ba ya tura yaro sito don kawai wani ya yi sallama a bakin shago. Sai ya ji abin da aka zo nema. In yana kan kanta ya miƙa, in babu sannan yaro ya hau mashin, kuma duk abin da cinikin nan ke buƙata a sawu ɗaya zai kwaso shi.

Jinkiri ma mai sauƙi ne. Abin da ya fi damuna shi ne ranar da rumbun ya yi shiru. Waɗanda ke aiki a lokacin za su tuna 14 ga Maris 2024, ranar da kebula huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Kodebuwa. Intanet ya raunana a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma, har wasu bankuna a Najeriya suka kasa yi wa mutane hidima yadda suka saba, gyaran kuma ya ɗauki makonni. A irin wannan rana, shafin da sabarsa ke Legas kuma baƙinsa ke Najeriya yana iya ci gaba da aiki lafiya lau, in dai bai ɗaure kowane shafi nasa da wata na'ura a Turai ba. Kuma ba sai teku ta motsa ba. Wutar ofishin rajista ta ɗauke, janareta bai tashi ba, ko masu gyaran titi sun sare fayiba, duk ɗaya ne a wurin shafinku.

A nan akwai bambancin da nake so ku riƙe, tsakanin ƙi da shiru. Idan na'urar can tana raye amma MySQL a kashe yake, takan mayar da ƙi nan take, shafinku ya ga kuskure cikin sawu ɗaya ya wuce. Amma idan hanya ce ta yanke, ko katangar tsaro tana zubar da saƙo ba tare da amsa ba, babu mai ce muku a'a. Sai jira. PHP, in ba ku taɓa saitinsa ba, zai tsaya har daƙiƙa 60. Manhajar da ake shiga PostgreSQL da ita ma ba ta da wa'adin kanta sai kun sa mata, jiran Linux take yi ya gaji, shi kuwa yakan kai kusan minti biyu yana sake aikawa.

Yanzu ku tuna yadda sabarku ke aiki. PHP-FPM yana da adadin ma'aikata da aka ƙayyade masa, kowane ɗaya buƙata guda yake riƙewa a lokaci guda. A ce 20 ne, a ce kuma baƙi 5 ke shigowa a kowace daƙiƙa. Cikin daƙiƙa 4 duk ma'aikatan sun tsaya suna jiran rumbun da ba zai amsa ba, kowannensu kuma minti guda zai yi a tsaye. Duk wanda ya zo bayan nan sai ya bi layi, daga ƙarshe Nginx ya nuna masa 502 ko 504. Shafin lambar waya ya mutu. Shafin labarai ya mutu. Abin takaicin ma, shugaban kwalejin ya kira ku ya ce a sa sanarwa cewa duba sakamako ya tsaya zuwa gobe, ku kuma ba ku iya shiga shafin gudanarwa ku sa ta, domin shi ma yana jiran rumbun nan. Ciwo a shafi biyu yake, kun raba shi ga shafi ɗari.

Sannan akwai haƙƙin mai rumbun. MySQL yana zuwa ne da iyakar haɗi 151 a lokaci guda, PostgreSQL da 100, kuma shi PostgreSQL kowane haɗi sai ya tayar masa da aiki na musamman a cikin na'ura, da rabonsa na ƙwaƙwalwa. Rumbun ofishin rajista ba naku ba ne ku kaɗai. Ma'aikatan kuɗi suna ciki, malaman da ke shigar da maki suna ciki. Ranar da aka fitar da jerin sunayen waɗanda aka ɗauka, jama'a suka yi cincirindo a shafin sanarwa, wanda ko kusa ba ya buƙatar rumbun, shafinku zai cinye guraben, malami ya zo shigar da maki ya tarar da kuskure mai lamba 1040, wai haɗi ya yi yawa. Af, ga wani abu da ba kowa ya sani ba: MySQL yana ware gurbi ɗaya na ƙari domin mai gudanarwa ya samu shiga ya yi gyara idan wuri ya cika. Idan shafinku da asusun root yake shiga, shi ma wannan gurbin zai cinye shi.

Gyaran ba shi da wahala, bai wuce layi goma ba. Ku raba abu biyu da kuka saba haɗawa: sanin adireshin rumbu dabam, buɗe haɗi dabam. Fayil ɗin saituna ya riƙe adireshi da suna kawai, kada ya kira kowa. Sai ku rubuta fankshin guda, shi kaɗai ke da izinin buɗe haɗin nesa. A cikinsa akwai ma'aji ɗaya da ke farawa fanko. Duk mai tambaya shi zai kira. Zai duba, in ma'ajin fanko ne ya buɗe haɗi ya ajiye, in akwai ya miƙa wanda ke nan. A PHP kalmar static a cikin fankshin ta wadatar. Shafin da bai yi tambaya ba bai kira shi ba, haɗi bai buɗu ba. Shafin da ya yi tambaya goma ya kira shi sau goma, haɗi ɗaya ya buɗu. Wannan rabin na biyu kada ku manta da shi. Na sha ganin yaro ya ji an ce sai da buƙata, ya je ya sa buɗewa da rufewa a cikin kowace tambaya, a cikin zagayen da ke maimaituwa sau 50. Wannan ya fi na farko muni, rabin daƙiƙa sau 50 ne.

Dabarar jinkirta ɗauko abu har sai an neme shi ba sabuwa ba ce, Martin Fowler ya yi bayaninta a littafinsa na 2002, kuma manyan kayan aikin da kuke gini a kansu sun riga sun yi muku ita. Django ba ya buɗe haɗi sai a tambayar farko. Laravel haka, SQLAlchemy haka, kana iya ƙirƙirar injinsa da adireshin bogi ba zai ce uffan ba sai ranar da ka tambaye shi wani abu. WordPress ne bai bi wannan hanya ba game da babban rumbunsa, yana buɗewa tun farkon lodi. Shi ya sa manhajojin da ke ajiye kwafin shafi suke shiga ta advanced-cache.php, wanda ake karantawa kafin a kai ga rumbu, su miƙa wa baƙo kwafin su sallame shi.

Sai dai kada wannan ya sa ku saki jiki. Kayan aikin ya jinkirta, ku kuma kuna iya warware jinkirin ba ku sani ba. Laravel 11, da ya fito a 2024, yana zuwa da saitin da ke ajiye bayanan zaman baƙo a cikin rumbun bayanai. Da SQLite na gida yake farawa, don haka babu mai jin nauyin. Ranar da kuka mayar da babban haɗi zuwa rumbun nesa ba ku taɓa wancan saitin ba, kowane shafi zai je can ya karanta zaman baƙo ya rubuta, ko da shafin gaisuwa ne kawai. Haka ɗan adon da ake sawa a saman kowane shafi, wai adadin ɗaliban da suka yi rajista bana. Haka jerin sassa a gefen shafi, da aka ce a riƙa jawo shi daga rumbun rajista don kada a rubuta sau biyu. Kowannensu tambaya ce ƙarama, kowannensu kuma ya isa ya ɗaure gidan gaba ɗaya. Don haka bayan kun gyara, kada ku yarda da zato. Ku sa fankshin ɗin ya rubuta layi ɗaya a log duk lokacin da ya buɗe haɗi, da sunan shafin da ya sa shi, ku bar shi kwana ɗaya, ku zo ku karanta. Za ku ga sunayen da ba ku yi tsammani ba.

Daga nan ne ainihin tunanin yake farawa, domin buƙata ba abu ne da kod ke yanke hukunci a kansa ba, ku ne. Jerin sassan kwaleji sau nawa yake sauyawa a shekara? Adadin masu rajista, wa zai cutu in ya ga na jiya? Irin waɗannan a kwafo su kusa. Memcached, da Brad Fitzpatrick ya rubuta wa LiveJournal a 2003, da Redis na 2009, don irin wannan ake amfani da su, amma ƙaramin shafi ba sai ya kai can ba. Fayil guda da cron ke sabuntawa kowane dare ya isa, ko tebur a rumbunku na gida. Abin da ba a yi masa kwafi shi ne wanda tsufansa ke cutarwa. Ɗalibi ya biya kuɗi yanzu a banki, ya zo cire takardar shaida, ba za ku nuna masa bayanin daren jiya ba. A nan ku je rumbun nesa, ku biya rabin daƙiƙar da zuciya ɗaya, wurinta ne. Ko a shafin duba sakamakon ma, akwatin da ake rubuta lambar rajista ba ya buƙatar haɗi. Sai an danna maɓalli, kuma sai kun duba cewa abin da aka rubuta ya yi kama da lambar rajista. Wanda ya bar akwati fanko, a gida za a ce masa ya cike.

Na san mai kaifin kai a cikinku zai ce, to Baba, in buɗewar ce ke da tsada, me ya sa ba za a buɗe sau ɗaya a bar shi a buɗe ba? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ita ce abubuwan biyu ba kishiyoyi ba ne. A jinkirta har sai an buƙata, in an buɗe kuma a yi ta amfani da shi. Django yana da CONN_MAX_AGE, wanda ke zuwa a 0, wato a rufe a ƙarshen kowace buƙata, kuna iya ɗaga shi zuwa daƙiƙa 60 ko fiye. PHP yana da haɗi mai ɗorewa a mysqli da PDO. Amma ku yi shi da ido a buɗe. A PHP kowane ma'aikaci nasa haɗin yake riƙewa, ba ya ba ɗan'uwansa. Ma'aikata 20 a saba 3, gurbi 60 ke nan a zaune a rumbun mutane ko ana aiki ko ba a yi. Kuma haɗin da ya daɗe a zaune yana iya mutuwa ba ku sani ba. MySQL da kansa yana yanke wanda ya yi daƙiƙa 28,800 shiru, awa 8 ke nan, na'urorin da ke tsakani kuwa sukan manta da shi tun kafin nan. Da safe baƙon farko ya zo ya ci karo da kuskure mai lamba 2006, wai saba ta tafi. Sai kod ɗinku ya iya gane haka ya sake buɗewa. In shafin ya girma, akwai masu tsayawa a tsakani su riƙe 'yan haɗi kaɗan su riƙa ba da aronsu: PgBouncer, da ya fito daga Skype a 2007, ga masu PostgreSQL, ProxySQL ga masu MySQL. Shafin kwalejin da muke magana a kai da wuya ya buƙace su a shekarar farko, kada ku ɗora wa kanku abin da ba za ku iya kula da shi ba.

Abin da ba na yi muku rangwame a kansa shi ne wa'adi. Duk haɗin nesa ku sa masa iyakar jira, daƙiƙa 2 ko 3. Rumbun da bai amsa cikin daƙiƙa 3 ba, a minti guda ma ba abin kirki zai yi muku ba. Sannan ku rubuta da hannunku abin da shafin zai ce idan wa'adin ya cika, da harshen da ɗalibi zai gane: duba sakamako bai samu ba yanzu, a sake gwadawa an jima, ga lambar ofis. Kada kuskuren ya fito tsirara, domin yakan zo da adireshin rumbun da sunan asusun a jikinsa. Ku ƙara da abu ɗaya, wanda Michael Nygard ya yaɗa a littafinsa na 2007: in an gwada sau uku ko huɗu a jere ba a samu ba, a ajiye alama a gida, a daina gwadawa na minti ɗaya, duk wanda ya zo a ba shi saƙon nan take. Wannan yana kare ma'aikatanku daga tsayuwa, yana kuma ba rumbun da ke farfaɗowa damar numfashi. Da MySQL akwai ƙarin dalili: idan haɗi ya yi ta yankewa a tsakiyar shiga har sau 100 a jere daga adireshi ɗaya, yakan toshe adireshin gaba ɗaya, sai mai gudanarwa ya zo ya buɗe. A hanya mai rawa, nacinku ne zai jawo a rufe muku ƙofa.

In kun karɓi amsa kuma, ku saki haɗin kafin ku shiga dogon aiki. Shirya takardar sakamako a PDF, aika imel, jiran kamfanin biyan kuɗi ya tabbatar, duk ba sa buƙatar ku riƙe gurbi a can.

Jinkirta buɗe haɗin yana da nasa aibin, kuma gara ku ji shi daga bakina. Tsohuwar ɗabi'ar, duk da nauyinta, tana tona kuskure da wuri: in kalmar sirri ba daidai ba ce, shafin farko ma ba zai buɗe ba, kun gani tun kafin ku tashi daga kujera. Yanzu kuwa komai zai yi kyau, ku karɓi kuɗinku ku tafi, sai ranar fitar da sakamako a gano an sauya kalmar sirri tun watan jiya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku keɓe wani ɗan shafi na gwaji, wanda ba na jama'a ba, da ke buɗe haɗin da gangan ya yi tambaya mafi ƙanƙanta, ku kira shi duk lokacin da kuka ɗora sabon kod, ku kuma sa wani abu ya riƙa kiransa lokaci-lokaci ya sanar da ku in ya gaza. Sannan ku yi gwajin da galibi ake tsallakewa: a sabar gwaji, ku toshe hanyar rumbun ta yadda saƙo zai ɓace ba amsa, ba wai ku kashe MySQL ba, domin kashewa ƙi take kawowa, ku kuwa shiru kuke so ku gani. Ku zagaya shafukan ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya tsaya alhali ba na sakamako ko na kuɗi ba ne, akwai igiyar da ba ku kwance ba.

Maganar tsaro a taƙaice. A cPanel akwai wurin da ake rubuta adireshin da aka yarda ya shigo rumbu daga waje, kuma alamar % tana nufin kowa da kowa. Kada ku sa ta, ko na awa ɗaya. Ƙofar MySQL mai lamba 3306 da ta PostgreSQL mai lamba 5432 ana lalubensu dare da rana. A Janairun 2017 dubun-dubatar rumbunan MongoDB da aka bari a buɗe aka kwashe, aka bar wa masu su takardar neman fansa. Ku rubuta adireshin sabarku kaɗai, ko ku bi ta SSH ko VPN. Asusun da shafin ke shiga da shi kuma, in karatu kawai yake yi, a ba shi izinin karatu kawai, a kan teburan da yake buƙata. Sakamakon ɗalibai amana ne, kuma tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a da ta hau kan mai riƙe da su da mai sarrafa su.

Akwai kuma inda duk wannan ba zai fisshe ku ba. In kun duba kun ga kusan kowane shafi da gaske yana buƙatar rumbun nesa, kamar manhajar da ba a komai a cikinta sai an shiga da suna, to ba jinkiri ne maganinku ba, ƙaura ce. Ku kai shafin kusa da rumbun, cibiya ɗaya in zai yiwu. Baƙo ya yi doguwar tafiyar sau ɗaya tsakaninsa da shafin, ya fi shafin ya yi ta sau 20 tsakaninsa da rumbu a kan buƙata guda.

Kafin ku rubuta layin farko ma, ku je wurin mai kula da rumbun can, ku gaishe shi, ku zauna. Ku tambaye shi gurbi nawa ya yarda ku riƙe a lokaci guda, ya kuma sa muku iyakar a kan asusunku, MySQL da PostgreSQL duk suna ba da damar haka, don kuskurenku ya tsaya a kanku. Ku tambaye shi ƙarfe nawa yake kwafin ajiya da na'urar ke yin nauyi, don kada cron ɗinku ya faɗo a lokacin. Ku ji ko yana da niyyar sauya adireshi ko kalmar sirri, da yadda zai sanar da ku. Ku ba shi lambarku, ku karɓi tasa, ku kuma faɗa masa ranakun da kuke tsammanin cunkoso, ranar fitar da sakamako da makon rajista, don ya san da zuwanku.